Zuwa ga Farfesa Ian Stevenson

Farfesa,

Tun 2007 ka bar duniya, amma har yau ana jayayya a kan aikinka. Kusan shekara 40 ka yi kana barin ofishinka na Jami'ar Bajiniya kana zaga Indiya, Siri Lanka, Bama, Labanan da Alaska, kana zama gaban ƙananan yara masu cewa sun taɓa rayuwa a wani gida, da wani suna. Kai da abokan aikinka kun tara irin waɗannan labarai sama da 2,000. Babban likitan ƙwaƙwalwa ne kai, amma ba ka taɓa ce wa yaro ya rufe wa mutane baki ba, kuma wannan na yaba maka.

Ni Musulmi ne, ban yarda rai yana sake shiga wani jiki ba. Wanda ya mutu yana barzahu har tashin ƙiyama. Masu sukarka ma sun faɗi gaskiya: da tafinta ka yi yawancin hirarrakinka, kuma sau da yawa iyalin yaron da na mamacin sun riga sun haɗu kafin ka iso. Damuwata tana wani wuri dabam, wato halin da yaran suka shiga bayan manya sun gama tambayoyinsu.

Ka san Shanti Devi ta Delhi. A 1935, tana 'yar kusan shekara tara, kwamitin da Mahatma Gandhi ya kafa ya kai ta garin Mathura, inda take cewa ita ce Lugdi Devi, matar da ta rasu bayan haihuwa a 1925. Jama'a suka yi dafifi suna kallon ƙaramar yarinya gaban magidancin da take kira mijinta. Har ta rasu a 1987 ba ta yi aure ba. Wa ya sauke mata wannan kaya?

Da ka zo Nijeriya ka ga abin da ya fi wannan ciwo. Ibo na cewa ogbanje, Yarabawa na cewa abiku, mu kuma ɗan wabi: jaririn da ake zargin yana mutuwa yana dawowa don ya wahalar da uwarsa. A wasu garuruwan Ibo akan yanke gaɓar ƙaramin yatsan gawar don a gane shi in ya komo. A wurinmu, uwar da ta binne uku a jere takan sa a ɗora na huɗun a kan juji, a kira shi Ajuji, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Tana rungume da shi idanunsa sun yi ɗorawa, hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura, kuka yake dare da rana, maƙwabta na cewa ai wannan ba mai zama ba ne.

Kai da abokin bincikenka Stuart Edelstein kun bi sawun alaƙar wannan imani da cutar sikila, kuma a ganina nan ne aikinka ya fi amfanar talaka. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar duk shekara a Nijeriya. Da yawa daga cikin waɗanda aka laƙaba wa sunan wabi gwajin jini suke buƙata, da rigakafi, da gidan sauro.

Kai ka rubuta cewa yawancin yaran da ke cewa sun taɓa rayuwa sukan daina maganar kafin su kai shekara takwas. Danginsu fa, sun daina? Ina roƙon Jim Tucker da sauran magadanka su buɗe takardun da ka bari, su nemo yaran nan da yanzu sun yi furfura, su tambaye su yadda suka girma a gidan da ake kallonsu a matsayin wani mamaci.

Wassalam.