Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

A wani ƙauye na ƙasar Roni, wanda ba za mu kama sunansa ba, wata matar aure ta wayi gari jini na zuba. Mijinta yana Legas wajen ci-rani. Ƙanin mijin ya nemo mota aka kai ta asibiti, aka yi mata wankin ciki, ta kwana biyu aka sallame ta. Kafin ta iso gida labarinta ya riga ta. Wata mai aiki a wurin ta shafa wa 'yar'uwarta, ita kuma ta kai gidan suna. Da yamma har an fara ƙirga watanni da yatsu: yaushe mijin ya tafi, cikin wata nawa ne, ɓari ne ko zubarwa aka yi? Lissafin ya fito daidai, domin mijin ya zo gida da Babbar Sallah. Amma magana zarar bunu ce. Auren bai mutu ba, sai dai har yau in ta shiga taro akan yi shiru.

Sauran matan ƙauyen sun ɗauki darasi: in jini ya ɓalle, a zauna a ɗaki. A sha jiƙe-jiƙe, a aika yaro kemis, a jira. Sai zazzaɓi ya rufe mace, jiki ya yi wari, ido ya yi fari fat, sannan a kwashe ta ranga-ranga zuwa Kazaure ko Kano. Wadda ta rasu a hanya, sai mu ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare. Amma sababin da ya hana ta fita da wuri bakinmu ne.

Matsayarmu a fili take. Duk macen da ta shiga asibiti tana zubar da jini, ko matar aure ce ko bazawara ko budurwa, ko cikin ya zube da kansa ko taɓa shi aka yi, tana bin ma'aikacin lafiya bashin abu biyu: magani nan take, da kama baki har abada. Wanda ya ba ta na farko ya hana ta na biyu bai gama aikinsa ba.

Akwai abin da masu ƙirga watanni ba su sani ba. Ɓari ba baƙon abu ba ne: kusan ɗaya cikin bakwai na cikin da aka san da shi yakan zube da kansa. Kuma a mafi yawan lokuta, ko ƙwararren likita ba ya iya bambance cikin da ya zube da kansa da wanda aka sha ƙwaya aka zubar. Jinin ɗaya ne, ciwon marar ɗaya ne, maganin ma ɗaya ne. Don haka ma'aikaciyar da ta fito tana raɗa cewa "wance zubarwa ta yi" zato take sayarwa da sunan ilimi, kuma farin kayan da ke jikinta ne ke sa a gaskata ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Binciken da cibiyar Guttmacher ta Amurka ta yi tare da masana na Najeriya ya ƙiyasta cewa a 2012 mata 212,000 aka yi wa magani a asibiti kan illar zubar da ciki, wasu 285,000 kuma sun sami illa mai tsanani ba su sami magani ba. Ma'ana, waɗanda suka zauna a ɗaki sun fi waɗanda suka je. Rashin kuɗi da nisan hanya suna da nasu kason, amma duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san kunya ma shinge ce, kuma ta fi kwazazzabo wuyar ƙetarewa.

Wasu ma'aikata kan fake da doka, su ce zubar da ciki laifi ne. Gaskiya ne. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, a sashe na 232, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki da gangan, sai in an yi ne don ceton ran uwa. Amma wanda zai karanta doka ya karanta ta duka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ƙin duba mara lafiyar da ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Sashe na 26 ya mayar da duk bayanin mara lafiya sirri, har da zamansa a asibitin. Ƙofofin da ya bari 'yan kaɗan ne: mara lafiyar ya amince a rubuce, ko kotu ko wata doka ta tilasta, ko iyaye ko waliyyi su nemi bayanin ƙaramin yaro ko na wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko kuma shirun ya zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. Ɓarin mace ba kwalara ba ne, ba ya yaɗuwa. Babu kishiya a jerin nan, babu uwar miji, babu mai unguwa, babu zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Da 'yan majalisa suka so asibiti ya sanar da 'yan sanda, sun rubuta ƙarara: dokar 2017 kan masu raunin harsashi ta ce a fara magani, sannan a kai rahoto cikin awa biyu. Ma'aikacin da ke yi wa mace mai jini barazanar kiran 'yan sanda ko Hisba kafin ya taɓa ta, ya nuna mana inda aka rubuta masa irin wannan.

Wasu kuma za su ce muna ɗaure wa alfasha gindi. To, a zo ga addinin. Suratun Nur ta nemi shaidu huɗu a zargin zina, ta kuma yanke bulala tamanin ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba. Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigi da giba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo yadda Annabi (SAW) ya nuna wa Hazzal, mutumin da ya tura Ma'izu ya je ya tona wa kansa asiri, cewa da ya suturta shi da ya fi masa alheri. A 1993, a taronta na ƙasar Burunai, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa sirrin mara lafiya amana ce, tona shi haramun ne sai in lalura ta tilasta. Maƙwabtanmu Katsinawa ba su manta da Amina Lawal ba: a 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta wanke ta daga hukuncin jifa. In alƙalai, da littattafai a gabansu, sun yi wannan taka-tsantsan, wa ya ba mai riƙe da kati ikon yanke hukunci a baranda?

Mun san inda wannan hanya ke ɓullewa, domin wasu sun bi ta har ƙarshe. A ƙasar El Salbador, a 2008, wata 'yar ƙauye da ake kira Manuela ta isa asibiti tana zubar da jini bayan cikinta ya sami matsala. Likitar da ta duba ta ce ta kai ƙararta. Aka yanke mata shekara 30, ta mutu a tsare a 2010 da ciwon daji. A 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta sami ƙasar da laifi, har da na keta sirrin likita. Asibitin da ya zama ofishin 'yan sanda ba ya rage zubar da ciki. Korar mata yake yi zuwa hannun 'yan ku-ci-ku-ba-mu da ke aiki a bayan shago.

Saura tambayar da ta fi nauyi: miji fa? Shi ya sa hannu, shi ya biya kuɗin ƙarin jini, ba zai sani ba? Muna ganin ya dace ya sani, kuma galibin mata da bakinsu za su gaya masa. Amma a tambaye ta tukun, ita kaɗai, ba a gaban dangin miji ba. Ma'aikacin da ya ga mace na awa biyu bai san gidan da za ta koma ba, bai san ko kalmarsa ɗaya za ta jawo saki ko duka ba. Yarinya ƙarama kuwa doka ta ba iyayenta damar sani, kuma in fyaɗe aka yi mata dole a bi mata haƙƙinta. Sai dai mai laifin ake nema a tona, ba yarinyar ba.

Ba mu jahilci halin da ma'aikatan lafiya ke ciki ba. Ungozoma ɗaya kan kwana tana karɓar haihuwa da fitilar waya, kuma da yawansu sun binne sirrin da ko mazajensu ba su ji ba. Amma a gari irin Roni ko Gwiwa ko Babura, inda mai ba da kati surukin wani ne, mai shara maƙwabciyar wata ce, baki ɗaya ya isa ya ɓata aikin mutum goma. Gyaran kuma ba ya cin kuɗi. A daina tambayar mace ciwonta da ƙarfi a kan layi. A ja labule. A kulle fayil, kamar yadda sashe na 29 na dokar ya ɗora wa shugaban asibiti. A haramta ɗaukar hoton kati ko na mara lafiya da waya. A sa mai gadi da mai shara da direba su ɗauki alkawarin da nas ta ɗauka. Wanda ya saɓa a hukunta shi, kowa ya ji. Jigawa ta kashe kuɗi a shirin Haihuwa Lafiya don mota ta kai mace asibiti a kan lokaci. Mota ba ta ɗaukar wadda tsoro ya hana fitowa.

Mu ma da ke majalisa da gidan biki ba mu fita ba. Tsegumi sai da mai saye. Ranar da wata ta sunkuyo ta ce mana, "Kin ji abin da ya kai wance asibiti?", amsar da ta kamata ita ce, "Allah Ya ba ta lafiya," a kuma canza zance. Gobe katin da ke kan teburin nan zai iya ɗauke da sunan ƙanwarmu, ko 'yarmu, ko matarmu. A ranar za mu so a ce cikin ma'aikacin ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.