Awa ɗaya a sama ba ɗaya ba ce a ko'ina

Jama'a, masu shirin tura yara koyon tuƙin jirgin sama a waje, ku ɗan saurara.

Jiya ɗan wani abokina ya zo min da littafin da yake rubuta awoyin tashinsa, ransa a ɓace. A Amurka ya yi karatu. Don rage kuɗin haya, shi da abokinsa suka riƙa ɗaukar jirgi ɗaya: ɗaya ya sa abin da ke kare masa ganin waje yana tuƙi da na'urori kaɗai, ɗayan yana duba masa hanya, kowa ya rubuta lokacin a matsayin kyaftin. A dokar FAA, hukumar jiragen Amurka, wannan halal ne. Da ya nemi canza lasisinsa zuwa na Turai, aka ce wani kaso na awoyin nan ba su shiga lissafi.

Yaron bai yi ƙarya ba, su ma ba zalunci suka yi ba. Dokokin ne suka bambanta. A Amurka, in kai ne riƙe da sitiyari a jirgin da lasisinka ya halatta maka, kana iya rubuta awar kyaftin ko da wani ne ke ɗauke da alhakin tafiyar. A tsarin EASA na Turai kuwa, kyaftin ɗaya ne a jirgi: wanda za a tuhuma in wani abu ya faru. ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, mafi ƙarancin sharaɗi kawai take gindayawa, kowace ƙasa ta ƙara nata.

Kuma awa kuɗi ce. Lasisin kasuwanci ta hanyar da aka saba a Amurka awa 250 yake buƙata, babban lasisin kyaftin na jiragen fasinja kuwa 1,500. Duk awar da aka soke, sai an sake biyan haya da mai, da dala.

Ni a ganina Turawan Turai sun fi gaskiya a nan. Riƙe sitiyari daban, yanke hukunci kai kaɗai lokacin da hadari ya haɗo daban. Fasinja na biyun yake buƙata.

To mafita? Kafin a biya ko sisi, a san inda yaro zai yi aiki. In gida zai dawo, a tambayi NCAA abin da take karɓa wajen canza lasisi, a rubuce. Gwamnatocin jihohi masu ɗaukar nauyin ɗalibai su ma su yi wannan tambayar tun kafin sa hannu. Shi kuma ɗalibi ya ware layi biyu tun ranar farko: awoyin da ya tuƙa, da waɗanda shi ne mai alhakin jirgin.

Amma don Allah kada wanda ya ba shi shawarar “gyara” littafi daga baya. Rasa awa hamsin ana iya ramawa. Wanda aka kama da littafin bogi, lasisin ne gaba ɗaya zai tafi.

Matuƙanmu da ke nan, ku faɗa mana yadda taku ta kaya. Allah Ya tsare.