Tsohuwar kwamfuta da sabuwar manhaja: wa zai biya kuɗin rashin jituwa?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, wato ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro da ya saba aikowa kowane wata, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi mai iyaka. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Amma daga nan duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikin manhajar za ta zauna a buɗe, kuma sannu a hankali masu yin sauran manhajoji za su juya mata baya. A Birnin Kebbi da Argungu, inda ɗalibai da ma'aikata da masu shagunan buga takardu da dama ke dogaro da kwamfutocin da aka riga aka mora a ƙasashen waje, waɗanda muke kira 'yan Baljiyam, wannan magana ce ta aljihu.

Mai karatu zai ce ai sai a ɗora Windows 11 a huta. A nan gizo ke saƙar. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4, ma'ajiya ta gigabait 64, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan furosesa ta Intel daga zubi na takwas zuwa sama ko takwararta ta AMD. Zubi na takwas ya fara fitowa ne a 2017. Ke nan kwamfuta mai lafiya ƙalau, mai ƙarfin batir, mai kyan allo, tana iya faɗuwa wannan jarrabawa don kawai an ƙera ta a 2016. Akwai masu gyara da ke da dabarar tsallake sharuɗɗan, sai dai kamfanin da kansa ya ce bai lamunce wa irin waɗannan na'urori samun gyare-gyare ba.

Hankali zai ba mu cewa kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama saboda wannan dalili ba za su ɓace ba. Hanyarsu sananniya ce: tashar jiragen ruwa ta Legas, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, Kano, sannan shagunanmu. Mai sayarwa zai ce maka “Core i7 ce,” kuma gaskiya ya faɗa, amma rabin gaskiyar ke nan. Sauran rabin yana cikin lambar da ke biye. Idan ka ga i7-6600U, lambar farko bayan karan tana nuna zubi na shida. I5-8250U kuwa zubi na takwas ce, kuma ita ce za ta karɓi Windows 11 duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. HP EliteBook 840 G3 tana cikin rukunin farko, G5 kuwa galibi tana cikin na biyu. Uban da ya sayar da buhunan shinkafa don ya saya wa 'yarsa kwamfutar karatu ya cancanci a gaya masa wannan bambanci kafin ya ƙirga kuɗi. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma tsadar da aka saya a makance ta fi ciwo.

Rashin jituwar bai tsaya ga manhaja ba, har da ramukan da ke gefen na'ura. Majigin da aka saya shekaru goma sha biyar da suka wuce yana magana ne da igiyar VGA mai shuɗin kai. Kwamfutar yau HDMI gare ta, wata ma USB-C kawai. Malami ya shirya darasinsa tsaf, ya shiga aji, ya tarar babu abin da zai haɗa biyun. Ramin saka faifan CD ya ɓace daga sababbin kwamfutoci, don haka wanda ya adana hotunan bikin kamun kifi na Argungu, ko karatun wani malami da ya riga mu gidan gaskiya, a kan faifai, yana riƙe da dukiyar da ba shi da mabuɗinta. Haka tsohuwar firinta mai ƙwari: injinta lafiya lau, amma in kamfanin bai fitar da manhajar da za ta gabatar da ita ga sabuwar kwamfuta ba, ta zama kayan ado.

A ɓangaren wayar hannu ma haka abin yake. Tun daga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5.0 ba, kuma manhajojin bankuna su ma sukan ɗaga nasu sharaɗin lokaci zuwa lokaci. Amma akwai darasi a ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Abin da ya rufa wa mutanen karkara da yawa asiri a lokacin shi ne lambobin tura kuɗi masu farawa da tauraro, domin suna aiki a kan ƙaramar waya mai tocila kamar yadda suke aiki a kan mai tsada. Fasahar da aka gina bisa ƙa'ida ɗaya da kowa ya amince da ita ba ta tambayar shekarun na'urarka. Wannan tunani ne ya sa Tarayyar Turai ta wajabta ramin caji na USB-C ga sababbin wayoyi daga 28 ga Disamba, 2024, ta kuma sa wa kwamfutocin tafi-da-gidanka wa'adin Afrilun 2026. Kamfanin Apple, da ya riƙe nasa ramin tun 2012, ya sauya a iPhone 15 a 2023. Doka ce ta yi wannan aiki, ba alherin kamfani ba.

Sai dai asarar da ta fi damuna ta shafi harshenmu. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka ƙirƙiro salon haruffa na musamman don Hausa ta samu shiga. Aiki ne da ya cancanci yabo, kuma da shi aka buga littattafai da kundayen digiri masu yawa. Dabarar ita ce a ari gurbin wani harafi ko wata alama a ɗora mai lanƙwasa a kai. Muddin salon yana cikin kwamfutar, komai daidai. Ranar da aka buɗe rubutun a sabuwar na'ura ko a waya, sai ƙasa ta koma qasa ko }asa, ɗaya ta koma xaya ko ]aya, ɓarawo ya koma varawo. Wanda ya nemi kalma a cikin irin wannan rubutu ba zai same ta ba. Yau tsarin Unicode ya ba kowane harafinmu lambarsa ta dindindin da kowace na'ura ke ganewa, allon rubutu na Gboard ma yana da Hausa. Duk da haka har yanzu ana buga sababbin ayyuka da tsohuwar dabara, ana tara wa na baya wahala.

To, mene ne abin yi? Mai saye ya nemi a buɗe masa bayanin na'ura ya karanta lambar furosesa da idonsa, ya kuma gwada ramukanta da kayan da yake da su a gida. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kada ya yi saurin jefarwa, domin da tsohuwar zuma ake magani. Manhajar Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, kyauta ce, tana samun gyare-gyaren tsaro, tana kuma tafiya da kyau a kan kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin shafi yakan ɗan goce, shi ya sa ya kamata a riƙa miƙa aikin da aka kammala a matsayin PDF. Ƙara ƙwaƙwalwar aiki da sauya tsohuwar ma'ajiya da SSD sukan dawo wa na'ura da kuzarinta a kan kuɗin da bai kai na sabuwa ba. Abin da ke kan faifai kuma a kwafe shi yanzu, a ajiye a wuri biyu.

Babban nauyin yana kan makarantunmu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Gesse, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da jami'ar jiha da ke Aliero suna da malamai da ɗaliban da za su iya wannan aiki. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, na'ura ta zama ƙofar shiga ilimi mai zurfi, bai kamata a bar lafiyarta ga sa'a ba. Sassan nazarin kwamfuta su ware ranakun da jama'a za su kawo tsofaffin na'urorinsu a duba, a ɗora masu manhajar da ta dace. Sassan Hausa da ɗakunan karatu su haɗa hannu su juya tsofaffin kundaye zuwa Unicode, su kuma sa shi sharaɗi ga duk sabon kundi. Ofishin da zai sayo majigi ko firinta ya rubuta a takardar kwangila cewa dole kayan su yi aiki da tsoho da sabo, a haɗo da igiyoyin da ke sada su.

Ba mu ke ƙera waɗannan na'urori ba, ba mu ke yanke ranar da za a yi watsi da su ba. Amma abin da za mu saya, da sigar da za mu adana rubutunmu a ciki, da ilimin da za mu ba masu gyaranmu, duk suna hannunmu. Allah Ya sa mu farga da wuri. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.