KUƊIN INTANET: WA YA CE DA KAI BA A GANIN KA?

Akwai wata magana da ta cika majalisun samari, musamman tun 2024 da kowa ya duƙufa danna waya da sunan mainin. Wai Bitcoin da ire-irensa kuɗi ne da ba a sanin mai su, kuma babu gwamnatin da ta isa ta taɓa su. To ɗan uwa, wannan magana ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ya faɗa maka ita, ko dai bai san abin ba, ko kuwa akwai kamashon da yake jira in ka shiga.

Tun 2009 da aka fara Bitcoin, duk cinikin da aka yi da shi rubuce yake a wani buɗaɗɗen kundi, kowa na iya dubawa, kuma ba a gogewa. Gaskiya ne babu sunanka a ciki, lamba ce kawai. Amma ranar da ka je buɗe asusu a Binance, me suka nema? Ba katin shaidarka ka miƙa ba? Ba hoton fuskarka suka ɗauka ba? Daga ranar lambar nan ta samu suna. Akwai ma kamfanoni irin su Chainalysis da sana'arsu ke nan, bin sawun kuɗin nan suna sayar wa hukumomi da bayani.

Dubi Ross Ulbricht, mai kasuwar Silk Road. A 2013 jami'an FBI suka yi masa dirar mikiya a wani ɗakin karatu a Amurka, suka fizge kwamfutarsa tana buɗe, suka kwashe Bitcoin kusan 144,000. Wani kuma, James Zhong, ya saci sama da 50,000 a 2012, ya kwanta shekara 9 yana ganin ya sha. A 2021 aka je har gida aka tono su. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Za ka ce ai waɗannan masu laifi ne, ni ina ruwana? To saurara. A 2022 direbobin manyan motoci suka yi zanga-zanga a Kanada, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta rufe asusun bankinsu, ta kuma hana kamfanonin kirifto mu'amala da lambobin da aka tara masu gudummawa. Ashe igiyar da ke ɗaure ɓarawo ita ce ke ɗaure mai adawa.

Mu dawo gida. A 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna taɓa harkar kirifto, ya sa a rufe asusun masu yin ta, sai ƙarshen 2023 aka janye. A Fabrairun 2024 aka tsare manyan jami'an Binance biyu a Abuja, watan da ya biyo baya kotu ta umurci kamfanin ya miƙa wa EFCC bayanan 'yan Nijeriya masu ciniki a cikinsa. Wanda ya yi wata takwas a tsare alhali Amurka na bayansa, ina ga kai da ba ka da kowa sai Allah?

Ita kuwa USDT da samari ke ajiya a cikinta, tafi kowanne rauni. Kamfanin Tether na da ikon daskarar da kowace lamba, kuma ya sha yin haka in hukumomi sun nema. Kana kallon kuɗinka a waya, amma ba sa motsi.

Wanda ya riƙe kalmomin sirrinsa 12 da kansa, lallai ba mai iya kwasar kuɗinsa daga nesa. Sai dai azzalumi ba ya wahalar fasa makulli, mai makullin yake kamawa. In kuma kalmomin suka ɓace, ko ka mutu ba wanda ya san su, haƙƙin magada ya salwanta har abada.

Don haka ɗan uwa, in za ka shiga, shiga da ido buɗe. Kada ka zuba jarin sana'arka, ko kuɗin aurenka, balle amanar da aka ba ka, bisa zaton ka ɓuya. Duk cinikin da ba za ka iya kare shi a gaban mutane ba, kada ka yi shi, don rubuce yake a nan duniya tun kafin a je ga rubutun Lahira. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya ganar da mu.