Direban Tirela Ba Ya Ganinka



Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni kuwa a hutun da ya wuce na ga inda babba yake zaune can sama, amma ya kasa hango yaron da ke tsaye a gindinsa.

Kawuna direban tirela ne. Ranar da ya yada zango a Kazaure, ni da ƙanena muka je gaishe shi. Ya ɗora ni a kujerarsa, ya ce wa ƙanena ya je ya tsaya kusa da tayar gaba ta hannun dama. Sai ya ce, "To ɗana, nemo mini ƙanenka." Na duba gilashin gaba, babu shi. Na duba madubin dama, babu shi. Na miƙe tsaye na leƙa, wallahi ban ga ko hularsa ba, alhali ina jin dariyarsa. Kawu ya ce, "Da a ce na tayar da motar nan yanzu fa?" Jikina ya yi sanyi.

A ranar na san cewa kowace babbar mota tana da wurare huɗu da idon direba ba ya kaiwa: dab da hancin motar, gefen hagu, gefen dama, da bayanta. Na dama ya fi girma, domin a Najeriya direba a hagu yake zama. Kuma idan tirela za ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sai su yanko ciki. Mai keke ko ɗan acaɓan da ya raɓa ta dama yana jin ya tsira, nan ne tayar baya take samunsa.

Daga nan Kawu ya nuna mini wani ɗan baƙin akwati, bai fi sabulun wanki girma ba, an ɗaure shi a jikin motar ta dama. Sunansa rada. Yana aika wani irin igiyar rediyo da ba a gani, idan ta bugi mutum ko babur sai ta dawo, na'urar ta gane akwai wani abu a wurin. Malamin kimiyyarmu ya ce kusan haka jemage yake gane hanya cikin duhu, sai dai shi da sauti yake yi. A motar Kawu, idan wani ya shiga wurin, wata 'yar fitila ce take kamawa kusa da madubi. Idan kuma ya sa sigina zai juya ta can, sai ta yi ƙara. Tana aiki ko da dare ne.

Amma na'ura ba mala'ika ba ce. Kawu ya ce abu uku ne suka fi damunta. Na farko datti. Idan taɓon damina ya bushe a fuskarta, ko ƙura ta yi mata ɓawo, sai ganinta ya ragu. Maganin wannan tsumma ne da ruwa. Na biyu girgizar hanya. Ramuka suna kwance waya, ko wani ya goge ta a tasha ta karkace, sai ta koma kallon ƙasa. Wannan sai a kai wa mai gyaran wayarin ya duba fis da waya, ya daidaita mata zama. Na uku ƙarar banza. Wani lokaci takan ɗauki ƙarfen gefen gada ko turke a matsayin mutum. Wasu direbobin idan ƙarar ta ishe su sai su cire wayar su huta. A ganina wannan ya fi duka muni, domin mota tana ɗauke da na'ura amma makauniya ce. Shi Kawu kowace safiya yaron motarsa yana goge ta, sannan ya bi ta gefen motar da ƙafa, Kawu yana kallo ko fitilar za ta kama. Idan ba ta kama ba, ya san akwai gyara.

Ra'ayina shi ne, ya kamata gwamnati ta wajabta wa manyan motoci wannan na'ura, ta fara da na manyan kamfanoni. Ba sabon abu ba ne a duniya. A birnin Landan na Ingila, tun shekarar 2021 babbar motar da ta wuce tan 12 sai da izini take shiga, kuma ana duba yadda direbanta yake iya ganin mutanen da ke kewaye da shi. A ƙasashen Tarayyar Turai, daga watan Yulin 2024 kowace sabuwar babbar mota dole ta zo da na'urar da ke gargaɗin direba idan mai keke yana gefensa. Mu ma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu a 2017. Idan an iya wancan, me zai hana wannan?

Wani zai ce tana da tsada. Gaskiya ne, ba kyauta ake bayarwa ba. Amma wanda ya iya sayen tirela mai tayoyi fiye da goma, ɗan akwati ba zai gagare shi ba. Wani zai ce ai akwai yaron mota. Yaron mota mutum ne, yana gajiya, yana gyangyaɗi. Wani kuma zai ce haɗari ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma a Islamiyya an koya mana cewa mutum ya yi nasa ƙoƙarin, sannan ya dogara ga Allah.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Tifar yashi da motocin da ke shigowa Gwiwa su kawo taki ko su kwashi gero da kaka, ni ban taɓa ganin rada a jikinsu ba. Wata ma madubinta ɗaya ne, shi ma a fashe. Kafin na'ura ta iso garinmu, hankalinmu ne na'urarmu. Don haka 'yan'uwa:

Idan ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Kada ka bi da keke ta gefen babbar mota idan ta nufi kwana. Tsaya ta wuce.

Kada ka tsallaka dab da hancinta ko da a tsaye take.

Mu daina ɗane bayan mota idan an tashi makaranta. Ni ma na taɓa yi, kuma na daina. Direban bai san kana nan ba, idan ya ja da baya fa?

Mu riƙe hannun ƙannenmu 'yan firamare idan mota tana juyawa.

A ƙarshe ina roƙon Shugaban Makaranta, Allah ya ƙara masa lafiya, ya gayyato mana jami'an kiyaye haɗurra, a samo tifa guda a ajiye a filin ƙwallo. Kowane ɗalibi ya hau kujerar direba ya nemi abokinsa a ƙasa. Gani ya kori ji. Wanda ya nemi ɗan'uwansa ya rasa kamar yadda na rasa ƙanena a ranar nan, ba sai an sake yi masa faɗa ba.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye direbobinmu, amin.

Daga wani ɗan aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida