"Oga ne ya ce" ba ta wanke kowa

Makon jiya aka kawo wa wani abokin aikina fayil ya sa hannu cewa an kammala rijiyoyin burtsatse a wasu ƙauyuka. Ya san ko rami ba a haƙa ba, amma ya sa. Da na yi masa magana sai ya ce, "Ɗan'uwa, umarni ne daga sama, kuma ai Manzo Bulus ya koyar da biyayya ga mahukunta." Wannan fa dattijon ikilisiya ne.

To, mu tsaya a kan Bulus ɗin. Wasiƙar Romawa da ake fakewa da sura ta 13 a cikinta, ita ce a sura ta 2 ta nuna cewa ko mutanen da Attaura ba ta iso musu ba suna da lamiri mai tuhumarsu. Abin da malaman tauhidi ke kira dokar halitta ke nan: hankalin ɗan Adam da kansa ya san ƙarya da cin haƙƙin wani laifi ne, ko bai taɓa shiga coci ba. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa dokar mutum da ta saɓa wa wannan ta lalace, ba ta ɗaure lamirin kowa. In dokar ƙasa ma haka take, ina ga umarnin baki na wani darakta?

Za ku ce tsoro ne. Na yarda, ni ma ina da 'ya'ya a makaranta, na kuma san yadda ake jefa mutum wani lungu a manta da ƙarin girmansa. Akwinas bai raina tsoro ba. Ya kawo misalin mai jirgin ruwa da guguwa ta sa ya zubar da kayansa a teku: ba ya so, amma shi ya zaɓa, hannunsa ne ya zubar. Tsoro yana rage nauyin laifi, ba ya mayar da kai biro a hannun oga. Kotun Nuremberg da ta yi wa manyan 'yan Nazi shari'a a 1945 zuwa 1946 a kan wannan ta tsaya: bin umarni zai iya sassauta hukunci, amma ba ya wanke mutum.

Akwai wani manomi ɗan Ostiriya, Franz Jägerstätter, da ya ƙi yi wa Hitila yaƙi. Yana da mata da ƙananan 'ya'ya mata uku a gida. Har bishop ɗinsa ya ba shi shawara ya tuna da iyalinsa. Ya tsaya a kan bakansa, aka sare masa kai ranar 9 ga Agusta, 1943. Sai a 2007 Cocin Katolika ta ayyana shi cikin masu albarka. Mu fa ba wuyanmu ake nema ba, alawus ne da kujera.

Ni ma ba waliyyi ba ne. Shekarun baya na taɓa sa hannu a kan abin da ban gani ba, har yau yana ci mini rai. Abin da na koya shi ne ka ce wa oga, "Yallaɓai, a rubuto mini umarnin." Sau da yawa daga nan maganar ke mutuwa, domin shi ma ya san abin da yake yi. In ta ƙi mutuwa, ka rubuta a fayil cewa ba ka ga aikin ba.

Ku kuma fastocinmu, ku daina karanta mana sura ta 13 kaɗai, kuna karɓar baiko ba tambaya. Matan ƙauyukan nan har yanzu daga rafi suke ɗebo ruwa, alhali a takarda an rubuta suna da famfo, da sa hannun mai bi a ƙasa.