Sabon Layin Dogo Da Tsohon Hali

Tun daga watan Yuli na 2016, lokacin da aka buɗe sabon layin dogo mai tsawon kilomita 186 tsakanin Abuja da Kaduna, jirgin ƙasa ya sake shiga bakin jama'a bayan an daɗe da fid da rai a kansa. Cikin 2020 aka buɗe layin Itakpe zuwa Warri, cikin 2021 kuma aka buɗe na Ikko zuwa Badun, sa'an nan a wannan shekara ta 2021 ɗin aka ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Babu mai kishin ƙasa da zai ƙi yin murna da waɗannan ayyuka. Amma tun da yake kaso mai yawa na kuɗin da aka zuba a cikinsu bashi ne da za a daɗe ana biya, wajibi ne a tambaya: wa ke sa ido a kan yadda ake kashe kuɗin, kuma wa zai amsa idan abin ya lalace kamar yadda na baya ya lalace?

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, kuma shi ne ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu da shanu daga Arewa, da kuza daga Jos, da kwal daga Inugu, zuwa bakin teku. Cikin 1955 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, cikin 1964 kuma layi ya isa Maiduguri, watau tsawon dogo a ƙasar ya kai wajen kilomita 3,500. A wannan shekara ta 1964 hukumar ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara arba'in, alhali yawan jama'ar ƙasa ya ninka fiye da sau biyu, fasinjan da take ɗauka a shekara bai kai miliyan 2 ba. Kayan da ya kamata su bi dogo suka koma kan tituna a cikin tirela da tanka, titunan suka farfashe, rayukan da ke salwanta a kansu suka ƙaru.

Ba rashin yunƙurin gyara ne ya jawo haka ba. Cikin 1979 aka danƙa ragamar hukumar a hannun ƙwararru daga Indiya, suka riƙe ta har 1982, da suka tafi al'amura suka koma gidan jiya. Cikin 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyaran dogo ta dala miliyan 528. Cikin 2006 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ba wannan kamfani kwangilar sabon layi daga Ikko zuwa Kano a kan dala miliyan dubu 8 da miliyan 300, gwamnatin Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ta dakatar da ita cikin 2008. Layin Itakpe zuwa Warri da aka buɗe a 2020 kuwa tun 1987 aka fara shi, watau ya ci shekara 33. Kowace gwamnati ta zo sai ta zo da sabon shiri da sabon alkawari, ba tare da ta tsaya ta bayyana wa jama'a filla-filla abin da aka biya a shirin da ya gabata da abin da aka samu a madadinsa ba.

Wannan hali bai tsaya ga reluwe kaɗai ba. Cikin 1975 ma'aikatun gwamnati, musamman Ma'aikatar Tsaro, suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 a lokacin da tashar jiragen ruwa ta Ikko ba za ta iya sauke ko kusa da haka ba a shekara guda. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar wata da watanni, ƙasa tana biyan kuɗin zaman jira, simintin yana daskarewa a cikinsu. Sai da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kotun bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Belgore. Abin da wannan ta'asa ta nuna shi ne babu wani ofishi guda da ya san jimlar abin da ma'aikatu suka yi oda, balle ya auna shi da ƙarfin tashar.

Haka nan Kamfanin Jiragen Ruwa na Ƙasa, wanda aka kafa cikin 1959 aka kuma saya masa sababbin jirage 19 a ƙarshen shekarun 1970, an rushe shi cikin 1995. Kamfanin Jiragen Sama na Nijeriya, wanda aka kafa cikin 1958, ya taɓa mallakar jirage wajen 30, amma ya durƙushe cikin 2003, ya bar ma'aikatansa suna bin haƙƙinsu shekara da shekaru, wasu har suka riga mu gidan gaskiya. An kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Obiora Nwazota a kan yadda aka wawure kamfanin, ta kuma miƙa rahotonta, amma jama'a ba su ga hukuncin da ya yi daidai da girman ɓarnar ba. Duk da wannan darasi, cikin 2018 aka je Ingila aka ƙaddamar da sunan sabon kamfani, Nigeria Air, cikin watan Mayu na 2023 kuma aka nuna wani jirgi a Abuja ɗauke da wannan suna, daga baya ta tabbata na kamfanin jiragen saman Habasha ne.

Duk wanda ya dubi waɗannan al'amura da idon basira zai ga cewa kuɗi da shiri ba su ne aka rasa ba. Abin da aka rasa shi ne sa ido da bin kadi, kuma akwai gurabu huɗu da ruwa ke bi yana zuba.

Na farko, dokar 1955 ta mai da Hukumar Jiragen Ƙasa ita ce mai dogo, ita ce mai tafiyar da jirage, ita ce kuma mai duba ko an bi ƙa'ida. Wanda yake alƙali a shari'ar kansa ba ya faɗuwa. Majalisar Tarayya ta zartar da shirin dokar kafa hukumar da za ta sa ido a kan harkar sufuri baki ɗaya, amma cikin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari bai sa mata hannu ba. Bukatar irin wannan hukuma ta ƙara tsananta tun watan Maris na 2023, sa'ad da gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon shimfiɗa dogo da tafiyar da jiragensu. Idan masu tafiyar da jirage suka yawaita babu mai tsawatarwa guda, lafiyar fasinja ce za ta zama abin wasa.

Na biyu, sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 bai ba Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ikon binciken littattafan hukumomi irin su ta jiragen ƙasa da ta tashoshin ruwa kai tsaye ba. Abin da ya ba shi shi ne ya miƙa musu jerin sunayen masu bincike su zaɓi wanda suke so, ya yi sharhi a kan rahoton, ya kuma riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Wato hukumomin da suka fi kowa juya kuɗi su ne ke zaɓen mai binciken su, su ne kuma ke biyan sa. Bugu da ƙari, rahoton shekara-shekara na Babban Mai Binciken yakan fito ne bayan shekara biyu ko uku, lokacin da waɗanda ya kamata su amsa tambaya sun canja ofis ko sun yi ritaya.

Na uku shi ne rufa-rufar da ke tattare da bashi da kwangila. An san cewa Bankin Exim na ƙasar Sin ya ba da rancen dala miliyan 500 domin layin Abuja zuwa Kaduna, amma cikakkun sharuɗɗan irin waɗannan yarjejeniyoyi ba su cika zuwa gaban jama'a ba. Cikin 2020, da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya fara tonon yarjejeniyoyin rancen Sin, Ministan Sufuri na lokacin, Mista Rotimi Amaechi, ya roƙi a jinkirta binciken kada masu ba da rancen su janye. Ko da an ɗauka niyyarsa kyakkyawa ce, wannan hujja ba ta karɓuwa. Bashin da ba zai jure wa tambayar wakilan jama'a ba, bai kamata a ci shi da sunan jama'a ba. Ita ma Majalisar tana da nata laifi, domin sassa na 88 da 89 sun ba ta cikakken ikon bincike tun kafin a sa hannu, amma sau da yawa sai bayan aikin gama ya gama take farkawa, kuma binciken yakan ƙare a zaman sauraron ba'asi ba tare da an ji ƙarshensa ba.

Na huɗu, kuma mafi ciwo, shi ne rashin ɗora alhaki a kan kowa idan rai ya salwanta. Cikin watan Oktoba na 2021 aka dasa abin fashewa a kan layin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya isa gargaɗi ga duk mai kunnen ji. Ran 28 ga watan Maris na 2022 'yan bindiga suka tare jirgin a kan wannan layi, suka kashe mutum aƙalla 8, suka yi awon gaba da fiye da 60, waɗanda na ƙarshensu ba su kuɓuta ba sai cikin Oktoba. Jirgin bai koma aiki ba sai Disamba. Bayan harin Ministan ya bayyana cewa ya nemi a sayi na'urorin tsaro na kimanin Naira miliyan dubu 3 amma ba a amince ba. To, ɗayan biyu ne: in buƙatar tana bisa ƙa'ida, waɗanda suka ƙi amincewa su ne da amsa, in kuwa an ƙi ta ne domin ba a shirya ta yadda ya dace ba, ma'aikatar da ta shirya ta ita ce da amsa. Iyalan waɗanda suka rasu sun cancanci a gaya musu wanne ne daga ciki.

Gaskiya ne an sami ci gaba, kuma adalci ne a faɗe shi. Akwai dokar ba da kwangila ta 2007, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta wajabta wa ma'aikatu ba da amsa cikin kwana 7. Cikin 2021 aka fara sayar da tikitin jirgin Abuja zuwa Kaduna ta intanet bayan koke-koken da aka sha yi a kan masu ɓoye tikiti su sayar da tsada. Dokar 2022 ta faɗaɗa aikin hukumar binciken haɗurra daga jiragen sama zuwa na ƙasa da na ruwa. Hukumar Ƙididdiga kuma tana buga yawan fasinja da kuɗin da reluwe ke samu duk wata uku. Ashe kayan aiki suna nan, amfani da su ne ya yi ƙaranci.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Tarayya ta raba aikin tafiyar da jirage da aikin sa ido, ta kafa hukuma mai zaman kanta wadda ba ta karɓar umurni daga waɗanda take dubawa. Ya kamata a gyara sashe na 85 domin Babban Mai Binciken Kuɗi ya shiga littattafan kowace hukumar sufuri da kansa, a kuma tsai da wa'adin fitar da rahotonsa. Kowace kwangila da kowane rance na dogo a buga su ga jama'a: nawa ne kuɗin, nawa ne ruwan bashin, yaushe za a gama biya, wa aka ba aikin, nawa kowane kilomita ya ci. A gefen kuɗin shiga da ake bugawa a riƙa buga abin da aka kashe wajen mai da gyara da albashi, domin rabin lissafi ba lissafi ba ne. Haka kuma duk rahoton hukumar bincike a fitar da shi tare da matsayin gwamnati cikin ƙayyadadden lokaci, a daina kulle shi a durowa.

Ma'aikatan gwamnati suna da babban rabo a wannan aiki. Babu kuɗin da ke fita sai da sa hannun wani jami'i, babu aikin da ake cewa an kammala sai da takardar shaidar wani injiniya. Ministoci suna zuwa suna wucewa, fayil kuwa yana nan da sunan wanda ya sa hannu. Jami'in da ya rubuta gaskiya a cikin fayil, ya ƙi tabbatar da aikin da bai gani da idonsa ba, ya kare kansa ya kuma kare ƙasarsa. Su kuwa ɗalibai, musamman masu karatun injiniya da lissafin kuɗi da shari'a, dokar 2011 ta ba su dama su rubuta wa kowace ma'aikata su nemi bayani kamar kowane ɗan ƙasa, kuma ya dace su saba da karanta kasafin kuɗi da rahoton bincike tun suna makaranta. Su ne za su biya bashin layukan da ake shimfiɗawa yau daga harajin da za a yanka a albashinsu gobe.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Neman lissafi ba adawa da aikin dogo ba ne, shi ne ma kaɗai hanyar da za ta hana sababbin layukan bin sawun tsofaffin, waɗanda ciyawa ta rufe su a tashoshi da dama daga Nguru har Ƙauran Namoda. Gwamnatin da ta yarda da aikinta ba ta jin tsoron buɗe littattafanta, kuma lokacin buɗe su shi ne yanzu, tun jiragen suna tafiya.